Yaya iskar gas da barasa ke maƙalewa a jikin bututun kabon?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar sinadarai ne. An ce mana ana yin na'urar shinshina gas da ƙananan bututun kabon, wai ƙwayoyin gas da na barasa suna maƙalewa a jikinsu. Tsotse su bututun yake yi kamar soso, ko yaya abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ajiye maganar soso tukuna. Soso shan ruwa yake yi har cikin jikinsa, wannan kuwa a fatar abin ƙwayoyin suke zama, kamar ƙurar hunturu a gilashin mota.

Ka ɗauki wayar kejin kaji mai idanu masu kusurwa shida, ka naɗe ta kamar tabarma. Haka bututun yake, sai dai a kowace mahaɗa ƙwayar zarra ce ta kabon. Sumio Iijima na kamfanin NEC a Japan ne ya fito da mai bango da yawa fili a 1991, mai bango ɗaya kuma aka same shi a 1993. Faɗin mai bango ɗaya yawanci nanomita 1 zuwa 2 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma duk ƙwayoyinsa a fata suke, babu na ciki. Shi ya sa, a lissafi, bayan giram ɗaya kaɗai ya kai murabba'in mita 1,315. Giram biyar zuwa shida sun shimfiɗe filin ƙwallo ke nan.

Riƙon da kansa mai rauni ne. Yawancin gas ba sa ƙulla haɗin sinadari da bangon. Jan da ake kira na van der Waals ne kawai yake tsare su, ɗan zafi kaɗan ya sake su. Kuma bututun ba ya zama shi kaɗai, dami-dami yake haɗuwa kamar ɗaurin tsintsiya. A irin wannan dami ƙwayar gas tana da mazauni huɗu: cikin bututun idan bakinsa a buɗe yake, ratar da ke tsakanin bututu uku, kwarin da ke tsakanin biyu a bayan dami, da bayan bututun kansa. Inda bango ya kewaye ta ta ɓangarori da yawa, nan ta fi kamuwa, don haka ciki da kwari sukan riga fili cika.

To yaya na'ura take ganewa? A shekarar 2000, Jing Kong da Hongjie Dai da abokan aikinsu a Jami'ar Stanford ta Amurka sun nuna cewa gas ɗin NO2 (naitirojin dayoksaid) yana zare ƙwayoyin lantarki daga bututun, sai wuta ta ƙara gudu a cikinsa domin guraben da suka bari ne ke ɗaukar ta, amoniya kuma tana zuba masa, sai gudun ya ragu. Wannan sauyin ake aunawa. Matsalar da suka ci karo da ita har yau tana nan: NO2 ba ya sakin wurin da wuri, sai an ɗumama ko an haska hasken UV, wanda ido ba ya gani.

Barasa kuwa, wato metanol da itanol da danginsu, fuska biyu gare ta. Tana da jela ta kabon da haidurojin, wadda take kwanciya a bangon. Gwargwadon tsawon jelar, gwargwadon riƙon, shi ya sa butanol ya fi metanol kamuwa. Tana kuma da kai na OH, wato oksijin da haidurojin, wanda bango mai sumul bai cika jansa ba. Amma in akwai tabo a bangon, ko an wanke shi da asid har ƙwayoyin oksijin suka maƙale, nan kan yake samun abin kamawa, sauran ƙwayoyin barasar kuma su biyo su riƙe juna. Abin mamaki, bututu mai ɗan lahani ya fi lafiyayye jin barasa.

A ganina, inda ɗalibai suke ruɗuwa shi ne su ɗauka na'urar tana tantance gas da sunansa. Bututu tsirara bai san itanol daga tururin ruwa sosai ba, kuma in a numfashin mutum za a nemi barasar, cike yake da danshi. Dole a shafa masa wani abu, kamar ƙwayoyin faladiyom don haidurojin ko wata roba ta musamman, kafin ya iya zaɓe. In za ka yi gwaji a ɗakin bincike, fara auna laimar ɗakin, ka kuma gasa samfurin ya saki abin da ya riga ya kama kafin ka sa masa gas ɗinka.