Amsa ga ƙanenmu kan batun a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu

Assalamu alaikum jama'ar zaure, da fatan an tashi lafiya. Ƙanena, na saurari tambayar da ka aiko jiya bayan isha'i, inda kake cewa shin masu sayen manyan a-kori-kura masu jan ƙafa huɗu, irin su Hilux da Navara da Ranger, buƙata ce take sa su ko kuwa son a gani ne. Ni dai yadda na fahimce ka, ba halin mutanen Kumasi kake son sani ba. Ka riga ka ga wata a wurin masu sayar da motoci, ranka ya biya, kana neman babba ya ce maka bismilla, don haka wannan tambayar zan amsa.

Idan kana son sanin dalilin da ya sa mutum ya sayi irin wannan mota, kada ka tambaye shi, domin kowa zai ce maka saboda lalacewar hanya ne. Ka zagaya ta baya ka leƙa cikin bodi. Motar da ake aiki da ita za ka tarar fentin ƙasan bodinta ya goge, ƙwayar masara ta maƙale a lungu, igiya ta cinye gefen ƙarfe, ƙofar baya kuma sai an ɗaga ta da gwiwa kafin ta rufu. Wadda aka saya don ado kuwa za ka ga an sa mata murfi mai sheƙi, cikin nata tas kamar farantin amarya.

Na yi shekaru ina sayen masara a ƙauyukan da ke bayan Ejura da doya a wajen Atebubu, kuma na san abin da damina take yi wa hanyoyin nan. Kwalta tana kai ka cikin gari, amma gonakin ba a bakin kwalta suke ba. Daga watan Mayu zuwa Yuli, sannan kuma a Satumba da Oktoba idan ruwa ya dawo, jar ƙasar nan takan zama kamar an kwaɓa sabulu, babbar mota ta bi ta haƙa ramuka biyu, tsakiya ya yi tudu, ƙaramar mota tana hawa sai cikinta ya zauna a kai. Mai sayen koko a yankin Sefwi, da ma'aikacin lafiya mai kai allurar rigakafi ƙauye, da masu gyaran turakun wuta, waɗannan babu mai hankalin da zai ce musu 'yan burga ne. Amma kai, ƙanena, shagonka yana Kejetia, gidanka yana Aboabo, tafiyarka mafi nisa ita ce Accra, kuma duk kwalta ce, ko da kuwa mai ramuka ce. Rami tsayin mota yake so da taya mai kauri, ba jan ƙafa huɗu ba.

Yawancin masu motocin nan ma ba su san yadda abin yake aiki ba. A kan kwalta ƙafafun baya ne kaɗai suke tura motar, wato 2H. Sai an shiga laka ko yashi ake mayar da ita 4H, idan abin ya yi tsanani ko hawa ne mai tsayi da kaya a tsaya cak a sa 4L, ta riƙa tafiya a hankali da ƙarfi. Wanda ya bar ta a 4H yana yawo a busasshiyar kwalta kuwa, duk kwanar da ya sha ƙarafan ƙasa suna murɗe juna, domin ƙafafun gaba da na baya a ɗaure suke, har wata rana ya kai ta Magazin a Suame, unguwar masu gyaran motoci a Kumasi, ya ji kuɗin da makanike zai faɗa masa.

Wannan ya tuna mini da wani maƙwabcinmu, ba zan kama suna ba, dattawan zauren nan sun san shi. Lokacin da muke ƙara ginin makarantar allo ta unguwa, muka sayi siminti buhu goma sha biyar, aka rasa abin ɗauka saboda yamma ta yi, na taka da ƙafata na same shi zaune a ƙofar gida yaro yana goge masa motar. Buhu goma sha biyar kilo 750 ne, motar kuwa an ƙera ta ne don ta ɗauki kusan tan guda. Ya dube ni ya ce, Alhaji, siminti yana cin fenti. Wallahi haka ya faɗa, a gaban yara. Muka nemo aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, yaron da ke tuƙa shi ya kwashe simintin a sawu biyu kafin a kira magariba. To, bayan wata biyu sai Allah ya haɗa mu tafiya ɗaurin aure wani ƙauye a bayan Mampong, an kwana ana ruwa, muka iso wani gangare mai laka, motar ta fara wulwula ƙafafun baya tana juya gindi, saboda bodi babu nauyi, tayoyin kuma na kwalta ne masu santsi. Na ce masa ya sa ƙafa huɗu, ya tsaya yana laluben maɓallai har ya kunna abin share gilashi. Shekara biyu yana tuƙa motar bai taɓa murɗa wannan maɓallin ba. Ni da ya hana siminti, ni na shiga na fitar da ita, babbar rigarsa kuwa ta sha laka har gwiwa, muka isa an riga an shafa fatiha.

Amma bari in gyara maganata, kada a ce na yi wa mutane kuɗin goro. A ƙasar nan wani lokaci burgar ma jari ce. Ɗan kwangilar da ya je neman aiki a cikin tasi, da wanda ya sauko daga farar Hilux, ba kallo ɗaya ake yi musu ba, kuma mai sayar da rodi ya fi sakin jiki ya ba na biyun bashi. Wannan na yarda da shi, domin na gani da idona. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya ruɗi kansa, ya ce don hanya ya saya alhali don idon jama'a ne, tunda wanda ya san don ido ya saya ya san iyakar abin da zai kashe, wanda ya ruɗi kansa kuwa sai ya ƙara da manyan tayoyi da fitilu a kan rufi.

Su kuwa masu shigo da Tundra da F-150 daga Amurka, waɗanda ba sa iya juyawa a lungunan Asawase sai an tashi masu talla, ba ni da abin cewa a kansu. Kun tuna a 2018 gwamnati ta sa haraji a kan motoci masu injin da ya kai kusan lita uku zuwa sama, aka yi ta kuka har aka janye shi a 2019. Injin yawancin waɗannan manyan motocin ya wuce nan, kuma gidan mai bai taɓa janye nasa harajin ba. Hilux aƙalla tun 2021 ana harhaɗa ta a Tema, kayan gyaranta kuma ko'ina akwai su a Magazin.

Saboda haka, ƙanena, ka zauna ka ƙirga sau nawa ka sauka daga kwalta a bara, da sau nawa ka ɗauki kayan da but ɗin motarka ya kasa. Idan atamfofin shagonka ne, aboboya tana kai su har bakin ƙofa, a inda a-kori-kura ba za ta sami wurin tsayawa ba. Idan kuma ka ƙirga ka ga ranka bai haƙura ba, ka zo ranar Asabar bayan azahar mu je tare in duba maka ƙasanta, domin da yawa ana wanke su ne a sama a bar tsatsa a ciki. Sharaɗina ɗaya ne, ginin makarantar bai ƙare ba, saura bulo ɗari biyu da za a ɗauko.