Kisan Ruwanda, Stalin da gafarar Fafaroma: alhakin jini a wuyan wa?

Tambaya: Malam, musu ne ya ƙi ƙarewa tsakanin abokan aikina biyu. Ɗaya ya bar addini, yana cewa addini ne tushen zubar da jini, hujjarsa kisan da aka yi a coci-cocin Ruwanda. Ɗayan ɗan Katolika ne, ya ce ai Stalin na Tarayyar Sobiyet da Pol Pot na Kambodiya ba su yarda da Allah ba, amma wa ya kai su kisa? Wa ke da gaskiya? Kuma gafarar da Fafaroma ya nema kan kisan Ruwanda tana da wani amfani?

Amsa: Ɗan'uwa, kowannensu ya ɗauko abin da ya faru da gaske, amma ya ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

A 1994, cikin kwana ɗari, an kashe kimanin mutum 800,000 a Ruwanda, akasarinsu 'yan ƙabilar Tutsi. Ba rikicin addini ba ne. Mai kisa da wanda ake kashewa galibi coci ɗaya suke zuwa, yare ɗaya suke yi. Gwamnati ce ta shirya abin, da sojoji da 'yan dabar Interahamwe da gidan rediyon RTLM. Amma wannan bai wanke cocin ba. A Nyange mutum kusan 2,000 suka ruga coci neman mafaka, aka kawo katafila aka rushe ginin a kansu, da amincewar limamin wurin, Fada Athanase Seromba. Bayan haka ya sulale zuwa Italiya, ya canza suna, ya ci gaba da limanci a kusa da birnin Florence. Sai a 2002 ya miƙa kansa. Kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Arusha ta ɗaure shi shekara 15 a 2006, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai a 2008. A 2001 ma wata kotu a Beljiyam ta ɗaure sistoci biyu, wato mata masu hidimar coci, kan kisan da aka yi a Sovu ta Ruwanda.

Abin da ya fi damuna shi ne na shugabanni. Babban bishop na Kigali, Vincent Nsengiyumva, ya yi shekaru yana cikin kwamitin ƙoli na jam'iyyar shugaban Ruwanda na lokacin, Habyarimana. Wanda ya saba cin tuwo a faranti ɗaya da mai mulki, ranar da ya kamata ya tsawata sai bakinsa ya yi nauyi. Nan laifin cocin yake a matsayinta na hukuma: kusanci da mulki, yin shiru, da kuma yadda wanda ake zargi da irin wannan ta'asa ya samu wurin limanci a Turai.

Sai dai abokinka na farko ya tsallake Felicitas Niyitegeka. 'Yar Hutu ce, wato ƙabilar akasarin masu kisan, mai hidimar coci a Gisenyi, ta ɓoye 'yan Tutsi tana tsallakar da su iyaka. Ɗan'uwanta hafsan soja ne, ya aiko mata ta gudu, ta ƙi, aka kashe ta tare da su. Imaninta ne ya tsayar da ita. Musulmin Ruwanda ma an yabe su da ɓoye mutane, amma kada mu yi saurin bugun ƙirji: Hassan Ngeze, editan jaridar Kangura mai hura wutar ƙiyayya, Musulmi ne, kuma kotun Arusha ta ɗaure shi.

Shi kuwa ɗan Katolikan, hujjarsa tana kama da ta Fafaroma Benedict na 16, wanda a Edinburgh a 2010 ya ambaci 'yan Nazi ya kuma yi gargaɗi kan tsattsauran ra'ayin rashin yarda da Allah. Gaskiya ne Stalin ya rushe coci da masallatai ya karkashe malamansu, Pol Pot kuma daga 1975 zuwa 1979 ya hallaka fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi a Kambodiya, har da limaman Buda da Musulmin ƙabilar Cham. Amma mafi yawan waɗanda suka kashe, an kashe su ne da sunan maƙiyan jam'iyya. Batun Nazi kuwa bai zauna ba, don yawancin Jamusawan lokacin 'yan coci ne, kuma fadar Fafaroma ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Hitler a 1933. Kamar yadda ba za a kama maƙwabcinka Kirista da laifin Seromba ba, haka ba za a kama abokinka da ya bar addini da na Stalin ba. Kotu tambayarta wa ya ba da umarni, wa ya aikata, wa ya ba da mafaka.

Batun gafara, a ganina tana da amfani, amma ta makara. A 1996 Fafaroma John Paul na 2 ya ce ba za a ɗora wa coci laifin 'ya'yanta ba, kowa ya ɗauki nasa. Bishop-bishop na Ruwanda sun nemi gafara a 2016, gwamnati ta ce bai isa ba. Sai a Maris 2017, da Fafaroma Francis ya karɓi Shugaba Paul Kagame na Ruwanda, ya roƙi gafarar Allah kan zunubai da gazawar cocin da na 'ya'yanta, har da limaman da suka sa hannu. Ambaton cocin kanta shi ne sabon abu, kuma shekara 23 waɗanda suka tsira suka yi suna jiran sa.