Filin Tambaya da Amsa: Suna cin gwajina, suna faɗuwa a jarrabawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar lissafi ce a aji biyar na firamare, yara 54 ne a hannuna. Duk ƙarshen mako nakan ba su gwaji mai tambaya goma, yawancinsu su ci bakwai ko takwas. Amma da aka yi jarrabawar ƙarshen zango, wadda wani malamin ya tsara, sai suka zube. Abin ya tsaya mini a rai. Laifin yaran ne ko nawa?
Daga wata malama

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Mu ajiye maganar laifi tukuna. Ki ɗauko takardun gwajinki na makonni huɗu da suka wuce, ki buɗe littafin da kike shirya darasi a gefe, ki ƙirga tambayoyi nawa ne kika riga kika warware musu a allo, sai dai kika sauya lamba ɗaya ko biyu. Ina kyautata zaton za su fi rabi. Ni ma haka na yi a shekarata ta farko a aji, ina ta murna da makin yara, sai ranar da na juya tambaya guda ta zama labari, ajin ya yi tsit. Ashe hanyar da na bi a allo suka haddace, ba su san dalilinta ba.

Tambaya mai kyau, ko amsar da yaro ya kuskure sai ta gaya miki abin da ke cikin kansa. Ɗauki rabi a tara da sulusi, wato 1/2 + 1/3. In za ki yi ta a canki-canka, kada ki cika zaɓin da lambobin da suka faɗo miki kawai. Sa 5/6, ita ce daidai. Sa 2/5, domin yaron da ya zaɓe ta ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, kuma wannan kuskure ya fi kowanne yawa. Sa 1/6, ta wanda ya ninka maimakon tarawa. Sa 2/6, ta wanda ya gane ana neman 6 a ƙasa amma ya manta da gyara na sama. Kin ga yara uku sun faɗi tambaya ɗaya, kowa da ciwonsa, kowa da maganinsa. Sifilin da ke rajista kuwa iri ɗaya ne a gaban sunayensu duka.

Nan ne gizo ke saƙar. A 1998 Paul Black da Dylan Wiliam na Kwalejin King's da ke Landan sun bi diddigin bincike kusan 250 kan gwajin cikin aji. Abin da suka gano shi ne, gwaji yana ɗaga karatun yara idan malami ya yi amfani da sakamakon ya sauya darasin gaba, kuma yaran da ke baya su suka fi cin moriya. Saboda haka in yara ashirin suka zaɓi 2/5, darasin Litinin ya riga ya tsara kansa. Ki zana da'ira, ki yi wa rabinta launi, ki tambaye su ko 2/5 ta kai rabi. Ba ta kai ba. To yaya za a ƙara wa rabi wani abu ya ragu? Ki bar su su yi gardamar da kansu.

Sai maganar jan biro. Wata mai bincike, Ruth Butler, ta gwada wannan a 1988: wasu yara aka ba su maki kaɗai, wasu sharhi kaɗai, wasu duka biyun. Waɗanda suka samu sharhi kaɗai ne aikinsu ya inganta. Da zarar yaro ya ga maki, sai ya leƙa na maƙwabcinsa ya rufe littafi. Na san hukumar makaranta na son lambobi, ki ba ta a rajista. A takardar yaro kuwa, wani lokacin jimla ɗaya ta isa: "Zana 1/3 ka gani, sannan ka sake."

Za ki ce ina lokacin rubuta wa yara 54 sharhi? Gaskiyarki. Rage tambayoyin. Uku a ƙaramar takarda, minti biyar kafin a tashi, sai ki kasa takardun gida-gida bisa irin kuskuren. Sharhi ɗaya ya wadatar da kowane gida.

Kuma kada gwajin mako ya tsaya kan darasin makon kaɗai. Wasu masu bincike biyu, Roediger da Karpicke, sun nuna a 2006 cewa bayan mako guda, ɗaliban da aka sa su tuno abin da suka karanta sun riƙe kashi 56 cikin ɗari, waɗanda suka sake karantawa kawai suka riƙe 42. Don haka ki riƙa cusa tambaya biyu daga watan jiya.

Takardar wancan malamin ma ki nemo ta, ku zauna tare. Ku duba kowace tambaya daga wane darasi ta fito, kuma hadda take nema ko aiki da fahimta. Mai yiwuwa Turancin tambayar ne ya kayar da wasu yaran alhali sun iya lissafin, wannan kuma gyaransa daban ne.

Ki gwada tambayar rabi da sulusi a wannan makon, ki rubuto mini yara nawa suka zaɓi 2/5. Allah ya yi jagora.