Tambayi Likita: Aikin ƙara mazaunai da kitsen jiki

Tambayoyin da suka taru a wannan makon kusan duk a kan abu guda suke, aikin nan da ake kira BBL, inda ake zuƙo kitse daga ciki ko cinya a mayar da shi mazaunai. An sakaya sunaye kamar kullum.

Likita, ni siririya ce. Ana iya ɗebo kitsen yayata a sa mini? Daga Tibiri.

Ba a yi, ɗiyata. Ko ciki ɗaya kuka fito, jikinki ba zai karɓi kitsenta ba, mutuwa zai yi ya ruɓe a ciki. Duk wanda ya ce zai yi miki, tashi ki bar masa wurin.

Likita, shekarata 34, haihuwa huɗu. Na ɗauki adashi zan je Legas a yi mini aikin. Wadda ta haɗa ni da su ta WhatsApp ta ce babu haɗari tunda kitsena ne, ba roba ba, kuma kwana uku zan dawo gida. Haka ne? Daga unguwar Ali Ɗan Sofo.

Hajiya, wannan magana ta "ai kitsenki ne" ita ta fi damuna, don tana da daɗin ji kuma ta kai mata da yawa lahira. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Ga yadda aikin yake. Ana sa ki barci, a ɗura ruwa mai haɗe da maganin kashe zafi a ƙarƙashin fatar ciki, kwiɓi da baya, a zuƙo kitse da dogon bututun ƙarfe. A tace shi, sannan a kifa ki a dinga tura shi cikin mazaunai da wani bututun. Mazaunai hawa-hawa suke: fata, sai kitse, sai tsoka mai kauri. A cikin tsokar nan da ƙarƙashinta akwai manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya. In bakin bututu ya zarce ya shiga tsoka, jijiya ta yage, kitsen da ake turowa da ƙarfi sai ya bi jini ya wuce zuciya ya je ya toshe huhu. Ana cikin aiki numfashi ya tsaya. Yawanci a kan gadon tiyata ake mutuwar, ko cikin awoyi kaɗan bayan an gama, kuma ko a babban asibiti da wuya a ceto mai ita. Huhu ba ruwansa da kitsen wa ya toshe shi. Abin da ke tsakanin inda ya halatta a zuba da inda ake mutuwa bai wuce faɗin ƴan yatsu ba, kuma mai aikin ba ya ganin bakin bututun da idonsa.

A 2017 wani bincike da likitocin gyaran jiki suka yi a Amurka ya ƙiyasta cewa a cikin kusan mutum 3,000 da aka yi wa aikin, ɗaya na mutuwa. Babu aikin kwalliya da ya kai shi kisa a lokacin. A 2018 ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Birtaniya ta ce wa mambobinta su dakata da shi, ba ta sassauta ba sai 2022, da sharaɗin a tsaya a saman tsoka kuma a riƙa kallon cikin jiki da na'urar eko. Jihar Florida ta Amurka ta hana zuba kitse cikin tsoka a 2019, a 2022 ta wajabta eko, ta kuma ce likita kada ya wuce aiki uku a yini, saboda gajiya na sa hannu ya kauce. Bayan an gyara hanyar aiki, wani ƙiyasi ya nuna mutuwar ta ragu zuwa kamar ɗaya cikin 15,000. To amma wannan lissafin ƙwararru ne masu bin doka. Ba lissafin gidan haya da aka sa wa gado biyu aka kira shi kilinik ba ne.

Zuƙar kitsen ma kanta aiki ce babba. Ana zubar da jini, kuma mu nan mace mai haihuwa huɗu da wuya a same ta da cikakken jini. Likitoci da yawa ba sa taɓa mace sai awon jininta ya kai 12. In abin da aka zuƙo ya wuce lita 5, dole a kwana asibiti ana lura da ke. Bututu na iya huda hanji, musamman ga wadda aka taɓa yi wa aikin haihuwa ko mai ƙaban cibiya. Mai hawan jini ko ciwon suga da bai daidaita ba, mai ciwon zuciya, mai emasi (sikila), da wadda jini ya taɓa daskare mata a ƙafa, duk ba nasu ba ne. Mai shan kwayar tsarin iyali ta faɗa wa likita tun da wuri. Mai shan shisha ko taba ta bari aƙalla mako huɗu kafin aiki.

Sai batun kwana uku. Wadda aka yi wa aikin nan ba ta zama a kan mazaunanta har mako biyu, kwanciyar rub da ciki take yi, bayan haka ma sai da matashi na musamman a ƙarƙashin cinya har wajen mako shida zuwa takwas. Yanzu ki duba hanya: jirgi zuwa Kano, mota zuwa Katsina, Jibiya, Ɗan Issa, sannan Maraɗi. Ko ta Yamai kika biyo, fiye da kilomita 600 ne a zaune. Zaman zai kashe kitsen da kika biya kuɗi aka sa, wannan ƙaramar asara ce. Babbar ita ce jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Wanda ya ce ki kama hanya a kwana na uku, gadonsa yake so ki sauka wata ta hau. Kwana goma zuwa mako biyu ake yi kusa da wanda ya yi aikin.

In duk da haka kin ƙudurta, to ki binciki mutumin kamar yadda ake binciken mai neman auren ɗiya. Hotunan Instagram da TikTok ba shaida ba ne, kallon kitse ake yi wa rogo, kuma babu mai sa hoton wadda ta mutu. Ki karɓi cikakken sunansa da lambar rajistarsa. A Najeriya hukumar MDCN ce ke riƙe da rajistar likitoci, a nan gida Nijar kuma akwai hukumar likitoci ta ƙasa. Zama likita kaɗai bai isa ba, sai wanda ya yi shekaru yana koyon tiyatar gyaran jiki har ya sami shaida, irin ta kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma. Takardar kwas ɗin mako guda da aka rataye a bango ba ita ba ce. Ki gan shi ido da ido kafin ranar aiki, ki tambaye shi: a ina kake zuba kitsen? Amsa ɗaya ce, ƙarƙashin fata, saman tsoka. In ya ce yana ɗan shiga tsoka don ya fi tashi, ɗauki jakarki. Kana amfani da eko lokacin zubawa? Mutum nawa kake yi wa a yini? Wa zai sa ni barci, likitan barci ne, kuma zai tsaya har a gama? Akwai iskar oksijin, jini, ɗakin kula da masu tsananin ciwo, da janareta in wuta ta ɗauke? Kai da kanka za ka yi, ko yaronka? Ƙwararre ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wadda ta haɗa ku kuwa, ki tambaye ta nawa ake ba ta a kan kowace mace.

Kada ki tafi a ɓoye. A sami babba a gida da ya san inda kike, da wadda za ta raka ki. In kin dawo kika ji numfashi na yi miki wuya, ko ƙirji na ciwo, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, asibiti nan take.

Ƙawata ta ce in riƙa matsa dunƙulen Maggi ta dubura, in haɗa da ƙananan kwayoyin ƙiba na masu talla. Yana aiki? Daga Tasawa.

Subhanallahi! Har yanzu ba a bar wannan ba? Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne. Abin da zai yi miki shi ne ya ƙona fatar cikin dubura, ya jawo gyambo da zubar jini. Babu wata hanya da ta taso daga dubura ta kai abinci mazaunai.

Kwayoyin kuwa galibi deksametazon ne. Kumburi yake sa wa, kitsen ya taru a fuska, ciki da doron wuya, tsokar cinya da ta mazaunai kuma ta zube. Wato ainihin wurin da kike son ya cika shi ke ramewa, garin neman ƙiba an samo rama. Ga ciwon suga, hawan jini, gyambon ciki, nankarwa, har kan ƙashin ƙugu yana iya mutuwa. In kin riga kin yi makonni kina sha, kada ki yanke rana ɗaya, jiki na iya faɗuwa. Ki ɗauki kwalin ki kai wa likita ya rage miki a hankali.

Akwai mai zuwa gida tana allurar ƙara baya, ba yanka, ba barci. Ba ta fi sauƙi ba? Daga Bagalam.

Ta fi muni. Silikon ne na ruwa ko wani mai da ba a san asalinsa ba. Yana iya bin jini ya kashe a ranar, in bai kashe ba ya yi ta yawo a nama, ya dunƙule kamar tsakuwa, bayan shekaru ya fashe da gyambo. Ba ya zuƙuwa, sai an yanke naman da ya shiga. Kada ki bari ta taɓa ki.

Kitsen yana zama har abada? Kuma ana haihuwa bayan aikin?

Wajen kashi ɗaya cikin uku yana narkewa a watannin farko. Wanda ya kama yana ƙaruwa in kin yi ƙiba, ya ragu in kin rame. Aikin ba ya hana haihuwa, amma ciki na canza siffar, shi ya sa mai sauran haihuwa gara ta jira.

Ƙanwata ta dawo daga aikin yau kwana takwas. Zazzaɓi take, gefe ɗaya ya yi ja ya yi zafi, ruwa mai wari na fita. Kunya ta hana ta zuwa asibiti, muna gasa mata da ruwan zafi muna ba ta kafso. Daga unguwar Zariya.

Ƴar'uwa, ki ajiye wayar nan ku kai ta babban asibiti yanzu, kada ku jira safiya. Waɗannan alamun ƙwayoyin cuta ne suka shiga kitsen, kuma akwai irin da ke cin nama yana bazuwa cikin awoyi har ya shiga jini. Kafso ba ya kaiwa cikin mugunya, sai an buɗe an wanke, an ba da magani ta jijiya. Ku daina gashin, fatar wurin ba ta ji sosai bayan aiki, za ku ƙona ta ba ta sani ba. Kada a matse, kada a shafa komai, kada a ba ta abinci a hanya don wataƙila a shiga da ita tiyata.

Ku kwantar da ita rub da ciki ko a gefen da ba ya ciwo a cikin mota. Ku tafi da duk takardar da aka ba ta, da kwalayen magungunan da ta sha, da lambar wanda ya yi aikin. In kun isa, ku faɗa wa likita gaskiya: aikin mene ne, wace rana, a wane gari. In ta fara rikicewa, ko fitsari ya ɗauke, ko numfashi ya yi sama-sama, ku faɗa tun daga bakin ƙofa don a fara da ita.