Amsa ga mai tambaya kan tayin da ya zo masa ta bayan fage a gwanjon intanet

Assalamu alaikum, Malam. Ka ce ka sa jakar fata aikin dukawanmu na Damagaram a gwanjon eBay, tayi ya kai yuro 80, saura kwana uku a rufe, sai wani ya aiko maka da saƙo cewa zai ba ka yuro 250 idan ka janye kayan yau ka sayar masa kai tsaye. Tun da yuro ɗaya kusan sefa 656 ne ba ya motsi, maganar kusan sefa 164.000 ake yi a maimakon 52.000 da ɗoriya, saboda haka ban ga laifinka ba da zuciya ta raya maka.

Shawarata ita ce ka ce masa albarka, ka ƙara da cewa in da gaske yake, ya sa tayinsa a cikin gwanjon inda kowa ke sa nasa. Mai son kaya da kuɗinsa a hannu ba ya asarar komai da yin haka, domin shafin da kansa yake ɗaga masa tayi kaɗan-kaɗan har iyakar da ya yanka, watakila ma ya samu a ƙasa da 250. Wanda ya ƙi wannan hanya, to ɗayan biyu ne: ko dillali ne da ya san kayan za su wuce abin da ya taya a mintocin ƙarshe, ko kuwa ɗan damfara ne.

Na biyun ne ya taɓa faɗo mini. Ina sayarwa ta asusun ƙanena da ke zaune a Faransa, na sa wata babbar jaka mai tuntaye, ta kai yuro 120, sai wani ya ce zai biya 400 domin kyauta zai yi wa matarsa kuma lokaci ya ƙure masa. Na matsa wa ƙanena ya soke tayin mutane ya rufe gwanjon. Washegari wasiƙa ta shigo da tambarin kamfanin biyan kuɗi, tana cewa an biya 600 bisa kuskure, kuma kuɗin suna riƙe har sai na tura rarar 200 ga wani mai ɗaukar kayansa. Ina tsaye a layi a wajen masu aika kuɗi kusa da kasuwar Dole, katin shaidata a hannu, ƙanena ya kira ya ce ya shiga asusun da kansa, ko dala ba ta shigo ba, kuma adireshin da wasiƙar ta fito ba na kamfanin ba ne. Allah ya tsare kuɗina, amma masu tayin farko sun watse, da muka sake sa jakar sai da ƙyar ta kai 95.

Tun daga ranar ba na yarda da wasiƙa ko hoton rasit a matsayin shaidar biya. Sai na buɗe asusun da hannuna, ba ta mahaɗin da aka turo ba, na ga kuɗin a zaune. Cek ma haka yake, domin banki yana iya nuna maka kuɗin yau, bayan makonni ya gano na jabu ne ya zare su, alhali kaya sun daɗe da tafiya.

Ka kuma sani cewa dokar shafin ta hana ƙulla ciniki a waje, kuma ana iya taƙaita asusunka ko a rufe shi don musayar lambar waya kawai da wannan nufi. Duk kariyar da ake ba mai sayarwa tana tsayawa ne a kan cinikin da aka yi a ciki. Idan akwai tayi kuma saura ƙasa da awa 12, ba ka da ikon rufewa sai dai ka sallama wa wanda ya fi kowa tayawa. Kada kuma kwaɗayin 250 ya sa ka roƙi wani aboki ya riƙa ɗaga farashi ba da niyyar saya ba. Shafin ya haramta, malamanmu kuma najashi suke kiransa, tun kafin a san intanet aka hana shi.

In mutumin ya shiga ya ci gwanjon, ka jira kuɗi su tabbata, ka ɗauki hoton jakar da na kwalin, sannan ka aika zuwa adireshin da ke kan odar kaɗai, da lambar bin sawu, ko da ya rubuto cewa ya ƙaura. Saƙon nasa na farko kuma kada ka goge shi, domin shi za ka nuna wa masu shafin idan ya ci gaba da matsa maka ku koma WhatsApp.