Giyar tanki mai yawan kumfa a kan tsauni

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka koma wuri mai tsayin mita 1,800 tankin giyarka kumfa kawai yake zubowa, kuma da ka rage matsin gas ɗin da ke tura giyar daga tanki abin ya ƙaru. Ai ragewar ce ta ɓata lamarin.

Iskar kan tsauni ba ta da nauyi kamar ta bakin teku, kuma ma'aunin gas yana kwatanta matsin tanki ne da iskar waje. Saboda haka psi 12 (psi shi ne awon matsin gas) a wurinka bai kai psi 12 na ƙasa ba, sai gas ya riƙa kuɓucewa daga giyar tun tana cikin tiyo. Duba tiyon, za ka ga ƙananan kumfa. Ƙara psi 1 a kan kowace mita 600 ta tsayin wuri, wato daga 12 ka kai 15.

Amma fa ƙarin matsi yana sa giya ta fito da gudu. Sa siririn tiyo mai tsawon mita 3 ko fiye, ya rage mata sauri.

Sanyi kuma ya tsaya wajen digiri 3 a ma'aunin Celsius, har da tiyon. Ka bar tankin ya kwana bai motsa ba, sannan ka buɗe famfo gaba ɗaya, kofi a karkace.