Me ya haɗa dodon Stranger Things da fitilun Kirsimeti?

Tambaya: Malam barka da aiki. A Stranger Things, shirin nan na Netflix mai dogon zango, na ga uwar yaron nan da ya ɓata tana magana da shi ta fitilun Kirsimeti, sannan ƙarshen shirin ma sai 31 ga Disamba aka sake shi. Wai akwai wani sirri ne tsakanin dodanninsu da bikin ƙarshen shekara?

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. Sirrin tsafi dai babu, tsohuwar al'ada ce ta Turawa da kuma lissafin kasuwa. A ƙasashen sanyi Disamba ne dare ya fi tsawo, a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, kowa yana ɗaka gefen wuta, to me za a yi in ba labarin fatalwa ba? Mu ma ai ba a tatsuniya da rana. Tun 1843 Charles Dickens ya rubuta labarin wani marowaci da fatalwowi suka kai wa ziyara a daren Kirsimeti, BBC kuma daga 1971 ta riƙa saka fim ɗin fatalwa a lokacin bikin.

A shirin naka yaron, wato Will, ya ɓata ne 6 ga Nuwamba 1983 a garin Hawkins, dodo ya ja shi wata duniyar da ba a gani, uwarsa Joyce ta lura duk sanda yake kusa wutar gidan sai ta riƙa kyaftawa, shi ne ta jera ƙananan fitilun nan a bango ta rubuta A zuwa Z da fenti, ko wane harafi da fitilarsa, yaron yana kunna su ɗaya bayan ɗaya har ya ce mata ta gudu. Kayan murna ne fa da ake ratayawa don iyali sun taru, ga shi ita ɗanta ba ya nan, wallahi wannan ya fi dodon tayar min da tsikar jiki. Ko da aka ceto shi ma, ana zaune za a ci abincin jajibirin Kirsimeti ya shiga banɗaki ya amayo wani abu kamar tana, ya dawo ya zauna bai gaya wa kowa ba.

Zancen 31 ga Disamba kuwa Netflix ce ta raba zango na 5, wato na ƙarshe, gida uku a 2025, 26 ga Nuwamba, ranar Kirsimeti, sai jajibirin sabuwar shekara, duk lokutan da Amurkawa suke hutu a gida. Zangon farko ai 15 ga Yuli 2016 ya fito, tsakiyar zafinsu, da fitilun da komai.